GIRIS, MASHIGIN ILLO: TARIHI DA HALAYEN WATA UNGUWAR BAKIN KWARA

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta game da tarihin garuruwanmu daga ƙofar fada aka ɗauko shi. Mai bincike yakan isa gari ya sauka gidan sarki, a tara masa dattawan fada su jero masa sunayen sarakuna da shekarun da kowannensu ya yi bisa gado da yaƙoƙin da ya ci, daga nan sai ya naɗe takardunsa ya koma. Ba shakka wannan hanya tana da amfaninta, domin in ba don ita ba da ba mu san jerin sarautun ƙasar nan ba. Amma fa takan bar mutanen da suke zaune bayan ganuwa, waɗanda sau da yawa su ne suke riƙe da cikin garin da aljihunsa.

Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, watau Giris, tashar jiragen ruwan garin Illo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yankin da ya haɗa garuruwa irin su Ka'oje da Lolo da Tsamiya da Zagga da Kende da Kurgu, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Na kira Giris unguwa bisa ga yadda Hausa take amfani da kalmar. Ga Bahaushe, unguwa ba sashen gari na cikin ganuwa kaɗai ba ce, har ma da mazaunin da yake waje amma rayuwarsa tana ɗaure da ta garin. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, ba a iya fahimtar tarihin Illo sai an sauka bakin ruwa, domin a nan ne arzikin garin ya shigo, a nan ne jama'arsa suka cuɗanya, kuma daga nan ne Turawa suka auna iyakar da ta raba ƙasar gida biyu.

2.0 Wurin da Yanayinsa

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a takardun hukuma, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, tsawonsa kuwa ya kai kimanin kilomita 4,180. Bayan ya ratsa Mali da Nijar, sai ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Illo da Giris suna gaɓar da take hannun dama ga wanda ya bi ruwa ya gangara, watau gaɓar ƙasar Borgu. Can gabas da su kuma gulbin Kabi, wanda ya kwaso ruwan Rima da na Zamfara, ya zo ya zuba a Kwara.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, garin Illo bai zauna a kan gaɓa ba. Ya ja da baya zuwa tudu, ya bar fadama tsakaninsa da ruwa. Wannan kuwa tsari ne da ake gani a garuruwa da dama na bakin manyan koguna: sarauta da rumbuna suna tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, jirage da masu su suna bakin ruwa. Gari ɗaya ne mai ƙafa biyu.

Abu na biyu shi ne halin ruwan kansa. A wannan yanki Kwara sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta farin ruwa, wadda ruwan saman yankin yake kawowa daga watan Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka da ƙarfi. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa. Shi wannan ruwan damina ne da ya sauka a Gini, amma ya daɗe yana malala cikin manyan fadamun Masina a ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta, bai iso nan ba sai cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka a lokacin da rafukan ƙasar Hausa suka ƙafe har yara suna tonon ruwa cikin yashi, Kwara yana cike. Za mu ga muhimmancin wannan a gaba.

Wannan danshi na kusan dukan shekara shi ya ba gaɓar kamanninta. Matafiyin da ya fito daga tudu da rani, inda ciyawa ta bushe ƙasa ta yi fari, da ya doshi kogi sai ya ga duhuwar itatuwa tun daga nesa: giginya, wadda yankin Gaya da kewaye ya yi suna da ita, da tsamiya da kanya da ɗinya da maɗaci, ga kuka da ɗorawa da kaɗanya a gonakin da suke bayansu. Mangwaro da dogon yaro baƙi ne. Shi dogon yaro ma sai a 1928 aka fara dasa shi a Nijeriya, a Lardin Barno, kafin ya bazu. Kowace itaciya da aikinta. Da maɗaci ake sassaƙa jirgi, da giginya ake azara, muruci da kaɗe da kalwa kuma abinci ne da kayan kasuwa. Inuwar kuwa ita ce rumfar farko ta kasuwa, ita ce zauren baƙi, ita ce wurin gyaran taru.

3.0 Mazauna da Asalinsu

Gidan sarautar Illo na Busawa ne, kuma yana danganta kansa da Kisra kamar yadda gidajen Busa da Nikki suke yi. Ruwayar baka tana cewa waɗannan garuruwa uku 'yan'uwa ne suka kafa su. Wata ruwayar ma ta ƙara da cewa a wajen Illo jama'ar Kisra suka ƙetare Kwara tun yana ƙaramin rafi, bayan sun haye sai ruwan ya buɗe ya tare masu binsu. Ba aikin wannan takarda ba ne ta auna gaskiyar ruwayar. Abin lura a nan shi ne, ko a cikin labarin da fada take bayarwa game da kanta, mashigi ne farkon magana.

Ban da Busawa akwai Kyangawa, waɗanda ake lissafa su cikin mafi daɗewar mazauna yankin, da 'yan'uwansu Shangawa da suke can gangare wajen Yawuri. Harsunan waɗannan al'ummu uku dangin juna ne, daga rukunin harsunan Mande, ko da yake a yau yawancin Kyangawa sun koma Hausa ko Dandanci. Daga sama kuma ruwa ya kawo Dandawa da Zabarmawa da Sarkawa masunta, waɗanda asalinsu yake komawa ga daular Songai. Askiya Muhammadu ya kai yaƙi Borgu wajen 1505, Kanta na Kabi ya ɓalle daga Songai wajen 1516, bayan da sojojin Maroko suka karya daular a 1591 kuma sauran Askiyoyi suka gangaro ƙasar Dandi suka ci gaba da turjiya. Duk waɗannan abubuwa sun turo jama'a zuwa wannan sashe na kogin. Kabawa da sauran Hausawa sun shigo ta gabas da su da fatauci da malanta, Fulani kuma suka biyo ciyawar burgu da take tsirowa a fadama in ruwa ya janye.

Galibin waɗannan baƙi ba a tsakiyar gari suke fara sauka ba. Baƙo a bakin ruwa yake sauka, a nan yake samun masauki da mai jin harshensa. Wannan shi ya sa mazaunin bakin ruwa yake tashi da harshe biyu ko uku a bakinsa, ba don ya shiga makaranta ba, sai don abincinsa yana hannun wanda ya fito daga wancan ƙetare.

4.0 Zamanin Fatake

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da mashigin ya fi bunƙasa, dalili kuwa shi ne goro. Goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Binciken da Paul Lovejoy ya buga a 1980 ya bayyana yadda ayarin Hausawa suke bin hanyoyi daban-daban zuwa can. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin takan bi ta Jega, kasuwar da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarnin, ta ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, ta bi ta Kandi da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har Salaga. Fatake sukan tafi da kanwa da turkuɗi da jar fata da dawaki da gishirin Foga, da bayi kuma, domin wannan ma yana cikin tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Su komo da goro.

Ayari yakan tashi ne bayan kaka, in hanya ta bushe. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da baƙin ruwa yake isowa. Ma'ana, madugu yana iya ratsa kowane rafi da ƙafa tun daga Kano, amma in ya iso Kwara tilas ya tsaya ya nemi mai jirgi. Ayarin da yake da ɗaruruwan mutane da jakuna ba ya ƙetarewa a yini ɗaya. Sai a sauke kaya a ƙarƙashin itatuwa, a yi cinikin kuɗin fito, a riƙa ɗiban kaya kaɗan-kaɗan, dabbobi kuma ko a sa su cikin manyan jirage ko a riƙe su a gefen jirgi suna iyo. Kwanakin nan na jira su ne arzikin unguwar. Mai tuwo da fura, da mai busasshen kifi, da mai ciyawa, da dillali, da maƙeri, da malamin da ake roƙo ya yi addu'ar hanya, kowa yana da rabonsa. Sarki kuma yana karɓar nasa na wucewa. Ashe kuɗin da ya riƙe fadar tudu a bakin ruwa aka tara shi.

Ba kaya kaɗai suke bin hanyar Gwanja ba, har da ilmi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a ƙasar Kabi kafin ya koma Salaga a 1892, ya rasu a Kete Karachi a 1934. Rayuwarsa misali ce ta yadda malanta da harshen Hausa suka bi sawun fatake har suka kafu a zangunan ƙasar Gana ta yau.

Ta fuskar siyasa kuwa, mashigin yana tsakanin manyan ƙarfi uku. Bayan jihadin 1804 da faɗuwar Birnin Kabi a 1805, Gwandu ta zama mai iko a yammacin daular Usmaniyya. Borgu ba ta shiga ƙarƙashin daular ba. A 1849 kuma Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara masa baya, aka yi ta gwabzawa har zuwa sulhun da aka sani da Lafiyar Toga a 1867. Garin da yake cin abinci daga fito ba ya son hanya ta mutu, ko wane ne ya ci yaƙi. Wannan matsayi ya koya wa mutanen bakin ruwa iya zama da kowa, wanda har gobe ana ganinsa a halinsu.

5.0 Zuwan Turawa da Shata Iyaka

Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya amince cewa zirga-zirgar jirage a Kwara ta kowa ce, amma bai faɗi mai gaɓar ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, wanda ya shafi gabashin kogi, ya bar Borgu a buɗe. Daga nan tsere ya tashi. Kyaftin Lugard, wanda daga baya aka sani da Gwamna Lugga, ya isa Nikki a watan Nuwamba 1894 a madadin kamfanin Turawan Ingila mai riƙe da cinikin Kwara, ya riga Faransawa da 'yan kwanaki. A 1896 ayarin jiragen Hourst Bafaranshe ya gangaro kogin tun daga ƙasar Mali ya wuce ta wannan yanki. A 1897 kuma sojojin Faransa suka kafa sansani a Illo da Busa.

Me Faransawa suke nema? Tasha suke nema a kan kogi wadda za ta haɗa su da teku ta ruwa. Rikicin ya kusa kai ƙasashen biyu ga yaƙi, sai aka sasanta da yarjejeniyar Paris ta ran 14 ga Yuni 1898. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A nan ne abin da ya fi jawo hankalin wannan takarda yake. Da masu yarjejeniyar suka zo faɗin inda iyaka za ta taɓa kogi, ba su auna daga fadar Illo ba. Sun ce a auna mil 10, watau kimanin kilomita 16, a miƙe, daga tsakiyar Giris zuwa sama, kuma suka ambace ta a matsayin tashar Illo. Turawan da suke zaune a Paris sun gane abin da marubutanmu suka yi sakaci da shi, watau mashigin shi ne abin da ake taƙaddama a kansa.

Sakamakon wannan layi bai tsaya a takarda ba. Ya raba Borgu biyu, ya raba Dandawa da Kyangawa tsakanin hukumomi dabam-dabam, ya mai da hanyar Kandi hanyar ƙasar waje. Bayan an kafa mulkin Ingila a Arewa ran 1 ga Janairu 1900, ba a cika shekara goma ba sai da aka cire Illo daga Borgu aka haɗa ta da masarautar Gwandu a Lardin Sakkwato. Michael Crowder, a bincikensa na 1973, ya lissafa irin wannan yanke ƙasa cikin abubuwan da suka ɓata wa Busawa rai kafin tawayen 1915. Ta haka garin da yake ƙirga kansa ɗan'uwan Busa da Nikki ya wayi gari ɗaya yana wata ƙasa, ɗaya yana wani lardi.

6.0 Yadda Hanya ta Kauce

Tun kafin iyaka ta kafu cinikin goro ta ƙasa ya fara rauni. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, yaƙin basasa kuma ya watsa kasuwarta a 1892. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki, ayarin jakuna ya rasa abin yi.

Daga baya Faransawa suka gina tasu hanyar a sama da iyaka. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya isa Paraku a 1936, aka kuma gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958. Kasuwar Malanbil ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, ta gaji aikin da tsofaffin mashigai suke yi. Ta gangare kuma, madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta nutsar da tsohuwar Busa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. A cikin Bagudo kanta gadar Tuga ta ɗauke wa jirage aikin ƙetarar da motoci da manyan kaya. Kogin ma ya nuna nasa sauyin: bayan farin 1973 da na 1984, a watan Yuni 1985 ruwan ya tsaya cik a Yamai, a 2012 da 2020 kuwa ambaliya ce ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi.

Ita ma iyakar ba ta bar mutane sun huta ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ta sake rufewa a Agusta 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Duk lokacin da aka yi haka, wanda yake da suruki ko gona ko abokin ciniki a wancan gefe shi yake fara ji a jikinsa. Can sama kaɗan ma, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci ran 12 ga Yuli 2005 kafin a san cewa tsibirin Lete na Nijar ne ba na Benin ba.

7.0 Halayen da Suka Saura

Duk da haka unguwar bakin ruwa ba ta mutu ba, sana'a ta sauya. Halaye uku ne suka saura. Na farko, kalandarta ta ruwa ce: shuka shinkafa, da kafa taru da mamari, da saukowar shanu fadama, duk cika da janyewar kogi ne suke tsara su. Na biyu, karɓar baƙo, wanda asalinsa sana'a ce kafin ya zama ɗabi'a. Na uku, kallon kogi a matsayin hanya. Hukuma tana ganin ruwa da layin da yake kusa da shi a matsayin ƙarshen ƙasa, mai jirgi kuwa yana ganinsu a matsayin tsakiyar duniyarsa. Yawancin saɓanin da ake samu tsakanin jami'an iyaka da mazauna gaɓa daga wannan bambancin gani yake tasowa, kuma duk tsarin da bai yi la'akari da shi ba zai sha wuya.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa Giris ba gefen tarihin Illo ba ce, ƙofarsa ce. Cikar ruwa sau biyu ta sa fito ya zama tilas, fito ya tara jama'a da dukiya, dukiyar ta jawo Turawa, su kuma suka auna iyakarsu daga nan, sa'an nan jirgin ƙasa da gada suka kautar da hanyar.

Saboda haka ina ba da shawara biyu ga mahalarta wannan taro. Ta farko, sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu, musamman na Sakkwato da Birnin Kebbi, su tura ɗalibai su ɗauki tarihin baka daga masu jirage da masunta da matan da suke cinikin kifi, cikin Hausa da Dandanci da Busanci, tare da takwarorinsu na Benin da Nijar, tun da rabin labarin yana wancan ƙetare. Ta biyu, hukumomi su ɗauki tsofaffin itatuwan mashigai a matsayin kayan tarihi. Mutanen bakin ruwa ba su bar ganuwa ko gidan dutse ba. Tsamiyar da ayari ya sauka a gindinta, da sunan da ake kiranta da shi, su ne shaidarsu. In aka sare ta aka yi gawayi, dattijon da ya san labarinta kuma ya kwanta dama, to, ba sauran wanda za a tambaya.